Hannu Ɗaya, Baki Biyu

Niƙan gero ne ya fitar da Huraira daga gida da yamma liƙis. Injin unguwarsu a Gangaren Tudu ya lalace, dole ta nufi na tsallaken rafi, bokiti a ka, 'yarta Munira mai wata takwas a baya.

Tana saka takalmi surukarta, Inna Hansai, ta ce, "Ki dawo kafin kiran salla. In yarinyar nan ta yi hamma ki rufe mata baki. Ba a barin bakin jinjiri a buɗe da almuru."

Huraira malamar bayoloji ce, kuma Allah ya yi ta da son gyara wa mutane zance. Ta yi dariya.

"Inna ke nan! Hamma fa jiki ne ke farkar da kansa in ya gaji. Wasu masana ma sun ce ƙwaƙwalwa take sanyayawa. Iyakarta ke nan."

"To, malama," in ji Inna.

Layi ya yi tsawo a wurin injin. Kafin ta juyo rana ta faɗi. Ta iso 'yar gadar katako, kwaɗi na ta kuka, warin laka da ruɓaɓɓen ganye na tasowa.

Tana taka katakon farko kwaɗin suka yi tsit.

A tsakiyar gadar wata tsohuwa ce zaune, ta zuro ƙafafu wajen ruwa.

"Sannu, Iya," Huraira ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Tsohuwar ta juyo a hankali, ta soma hamma.

Bakin ya buɗe. Ya ƙara buɗewa. Babu haƙori, babu harshe, sai duhu da wata iska mai sanyi kamar ta cikin rijiya.

Muƙamuƙin Huraira ya fara tsami, idonta ya kawo ruwa. Ta dantse haƙora, tana faɗa wa ranta ai kowa na ɗaukar hamma in ya ga wani na yi.

Sai ta ji Munira ta miƙe a bayanta tana jan numfashi.

Huraira da bakinta ta sha koya wa ɗalibai cewa jinjiri ba ya ɗaukar hammar wani sai ya kai wajen shekara huɗu. Balle fuskar Munira na cikin zane, ba ta ga kowa ba.

Wannan ba ɗauka ba ce. Janta ake yi.

Ta saki bokitin, ta fizgo goyon gaba. Hannun hagu ya tallafe yarinyar. Saura na dama.

Bakin Munira ya soma buɗewa. Nata ma ya ƙi riƙuwa.

Ta danna tafinta a bakin 'yarta.

Nata ya wangame. Ko a'uzubillahi ta kasa. Wani abu mai sanyi ya bi maƙogwaronta ya sauka, a hankali, kamar mai shiga ɗakin da ya daɗe yana nema.

Daga masallacin Liman Abaji ladan ya ɗaga murya. Gadar ba kowa. Ta kwasa da gudu ba takalmi.

Da ta isa gida Inna ta dube ta, ta dubi yarinyar, ba ta tambayi bokiti ba.

Munira lafiyarta ƙalau, har ta fara tafiya. Huraira kuwa an yi mata rubutu, an yi addu'a, likita ya ce bai ga komai ba. Sai dai ko a cikin taro ta yi hamma, ba wanda ke ɗauka.

Kullum rana na faɗuwa, da kanta take miƙa wa Inna yarinyar, ta shige ɗaki, ta ce a kulle ta waje. Ta toshe baki da hannu biyu tana kuka, domin hammar magariba ba iska take ja ciki ba. Abin ne ke tasowa, yana leƙen inda Munira take.