Hotunan da Suka Kai Rufi

A wani gari can, wasu matasa masu zanen hotuna suka haɗu suka gyara wani tsohon zaure don baje aikinsu. Delu ta rataye hotonta. Tanko ya rataye nasa sama da nata. Ta ɗaga nata, ya ɗaga nasa, sauran ma suka ɗaga, har hotuna duka suka kai rufi.

Ranar buɗewa, wata tsohuwa mai rankwafaffen baya ta shigo, ta zaga, ta ce, "Sannunku 'ya'yan nan, wannan bango ya sha farar ƙasa!"

Delu ta rikice. "Iya, hotunan fa?"

"Waɗanne hotuna, 'yata?"

Delu ta dubi bango, ta dubi rufi, ta dubi tsohuwar. Can sai ta jawo tsani, ta fara sauko da na Tanko.