Wata Za Ta Je

A wani ƙauye, a zamanin da, an yi wata mai ba da waƙa a zumuntar mata ta coci. Ran nan ta lura tsohuwar da ke zama kusa da ita ba ta zo sujada ba. Ta ce a ranta, "Wata za ta je ta dubo ta."

Lahadi ta zagayo, babu tsohuwa. Ta sake cewa, "Wata za ta je." Ashe kowa abin da yake faɗa ke nan.

A mako na huɗu ta je da kanta, ta tarar da maƙwabciyar tsohuwar tana kuka.

"Baiwar Allah, kin makara, yau da safe Iya ta cika. Kullum sai ta sa na shimfiɗa tabarma, wai 'yan'uwanta na coci suna tafe."

Mai ba da waƙar ta durƙusa a ƙofar ɗakin.