Ganye a Kan Kwalta

Badi'a tana durƙushe bakin murhu tana ɗumama tuwo, ɗiyarta Husna goye a baya, sai ta ji burkin kabu-kabu a ƙofar gida. Tun kafin sallama ta san mai zuwa, don duk Birnin Konni babu mai zazzaga wa ɗan kabu-kabu masifa da irin wannan murya sai mahaifiyarta, Hajiya Saude.

Hajiya ta shigo ta ƙare wa ɗakin hayar kallo, daga kwanon rufi mai yoyo har zuwa tabarmar da surukinta Alkasum yake zaune. Ya yi maza ya sauka ya durƙusa yana gaisuwa. Mako uku ke nan motarsa tana tsaye a tasha babu lodi.

"Kun ji Rabo ejan ya dawo?" in ji Hajiya, ko ruwan da aka kawo mata ba ta duba ba. "Direbobin manyan motoci shika biɗa. Wata tara kacal, can ƙetaren teku, ƙasar Larabawa. Albashin wata guda ya hi abin da kaka samu shekara ga jigilar siminti na Malbaza. Ɗana Mahfuz ya riga ya ba da permi nai na tuƙi."

"Inna, ai yaƙi aka yi can!" in ji Badi'a. "Mai za su riƙa kaiwa har inda aka harbi. Dogo na Bazaga da yat tahi bara, ko gawa tai ba a gani ba."

"Ke rufa mani baki! Kwana nai ne ya ƙare. Nan gida ba a mutuwa? Ni dai ɗana za shi, kuma ba ni son shi tahi babu babba tare da shi." Ta juya wajen Alkasum, ta sassauta murya irin sassautawar da ta fi zagi ciwo. "Baban Husna, ɗiyar da nib ba ka ba haya ta saba ba. Amma in ka hi son zaman inuwa, babu komi, sai mu ci gaba da aiko muku da hatsi."

Sau ɗaya tak aka taɓa aiko da hatsin nan, lokacin sunan Husna, amma a bakin Hajiya ya zama kamar ita take ciyar da gidan. Alkasum ya sunkuyar da kai. Badi'a ta ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi, ta san an gama da ita.

Da Hajiya ta fita ta riƙe rigarsa tana kuka. "Baban Husna, don girman Allah kak ka tahi. Na taɓa ce maka na gaji? Ko garin rogo muka sha, in dai ina jin odar motarka ga kwalta, ni ya ishe ni."

"Wata tara na, Badi'a. In na dawo in gina maki ɗaki naki, wanda babu mai shigowa shi ƙirga ramukan kwano nai."

Wanda bai san yadda suka haɗu ba, ba zai gane irin son da take yi masa ba. Shekaru huɗu da suka wuce tana dawowa daga biki a Illela, motarsu ta mutu kusa da Tsarnawa da rana tsaka. Direban ya karyo rassa ya jera a kan kwalta gaba da baya, kamar yadda ake yi don masu zuwa su san akwai mota tsaye. Motoci suka yi ta wucewa, har wata babbar mota cike da siminti ta rage gudu ta tsaya. Direbanta ya sauko da jarkar ruwa ya miƙa wa mata, sannan ya shige ƙarƙashin motar da ba tasa ba, ya fito baƙi ƙirin da mai. Badi'a ta ce masa sannu, ya ce, "Ai dole na. Maigidan da ya koya mani tuƙi ya ce direban da yaw wuce ganye bai tsaya ba, ba ɗan halas ba na." Tun daga ranar zuciyarta ta tsaya a wurinsa.

Ranar tafiya aka taru a ƙofar gidan Hajiya. Ta sa Mahfuz, ƙanen Badi'a, wanda a hannun Alkasum ya koyi tuƙi, ya kama hannun mijin yayarsa. Ta ce a gaban kowa, "Ga shi nan, amana ta. Yadda kat tahi da shi da ƙahwahu nai, haka za ka maido mani shi."

"In Allah ya yarda, Inna," in ji Alkasum.

Watannin farko saƙon muryarsa yana zuwa a waya duk Juma'a. Ya ce a ayari suke tafiya, mota arba'in a jere, babu komai hagu da dama sai yashi. An sa su dangwala hannu a wata takarda da ba su iya karantawa ba, tafinta ya ce musu doka biyu ce a ciki: ko motar wa ta mutu ba a tsayawa, kuma ko me ya faru ba a sauka daga kwalta, don an binne nakiyoyi a gefen hanya. Wanda ya karya doka, babu ruwan kamfani da shi.

Badi'a ta saurari saƙon sau uku. Ta san mutumin da ta aura. Ta aika masa, "To kai da ba ka wuce ganye hwa?" Ya amsa yana dariya, "Kwantar da hankalinki, nan ko itacen sakace babu."

A wata na biyar saƙo ya yanke. Juma'a ta wuce, wata ta wuce. Ta kira Mahfuz har ta gaji, da ya ɗauka sai ya ce, "Sori Yaya, an yi haɗari, shina gidan likita," ya kashe waya. Kwana ashirin Badi'a ba ta san ɗanɗanon abinci ba.

Wata Laraba da la'asar motar haya daga Yamai ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu suka tallafo wani ramamme, sanduna biyu a hammatarsa, leda ɗaya a hannu. Ƙafar wandonsa ta dama an naɗe ta an ɗaure a saman gwiwa. Badi'a ta ƙwalla ƙara ta zube. Husna kuwa da aka miƙa masa ita ta fashe da kuka ta ƙi zuwa, ta manta fuskarsa.

Ledar nan ita ce duk abin da ya dawo da shi: riguna biyu, magunguna, da takardar kamfani mai cewa shi ya tsaya da kansa, shi ya sauka daga kwalta, don haka babu diyya, sauran albashinsa ma ya tafi a kuɗin jinya da jirgi.

Hajiya ta zo dubiya, amma dubiyar ba ta wuce tambaya ɗaya ba. "An ce kak ku sabka, mi ya sabkar da kai?"

"Ƙaddara ta, Inna."

"Ƙaddara ko ganganci? Ga Mahfuz can, yaro ƙarami, ya bi doka shina aiki nai lahiya lau. Kai babba, da nib ba amana, kai ne ka zan abin a ɗauka!"

Alkasum bai kare kansa ba. Ko Badi'a da ta tambaye shi bayan an watse, tana wanke masa dungulmin da ruwan ɗumi, sai ya kau da kai ya ce ta bar maganar. Shirun nan ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta sake tambaya ba. Ta sayar da gadonta na aure ta sayi kasko, ta fara tuyar ƙosai a bakin tasha, a gaban direbobin da dā suke kiran ta matar oga. Takan dawo idanu jajur da hayaƙi, ta ɗebo ruwa, ta kai shi makewayi, ta canja masa bandeji. Akwai ranakun da yakan kama ƙafar da babu ita yana cewa tana yi masa ƙaiƙayi, sai ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta ta share fuska ta dawo.

Bayan wata guda Hajiya ta dawo, wannan karon da alƙalami da takarda a jaka.

"Baban Husna, ka ji tsoron Allah ka sawwaƙe mata. Shekarunta ashirin da uku, za ta ƙare rayuwa tana ɗaukar gurgu?"

Abin da ya fi ƙona Badi'a shi ne, Alkasum ya miƙa hannu ya karɓi alƙalamin. Ya ce, "Inna ta yi gaskiya, Badi'a. Ba ni da abin da za ni ba ki."

Ta fizge takardar ta cusa a murhu. "Wallahi ba ka rubutawa! Inna, ke kika zo nan kika tayar da shi, shina zamne da ƙahwahu nai biyu. Na roƙe ku, kunka ce in rufe baki. Yanzu da anka maido mani rabi, shi ma za ki amshe? Ki gahwarce ni, ke uwata ta, amma mijina na, ba ni zuwa ko'ina!"

Hajiya ta miƙe tana kakkaɓe zane. "To zamna. Amma kak ki koma taka gidana, kuma ranar da kika ji na mutu kak ki zo."

Duk wadda uwa ta taɓa yi wa irin wannan furuci ta san nauyinsa. Wata uku Badi'a tana bi ta bayan unguwa don kada ta gifta ƙofar gidan da aka haife ta. Ranar Salla ta aika da ƙosai da tuwo, aka dawo mata da kwanon ko buɗewa ba a yi ba.

Da wata tara suka cika Mahfuz ya sauka. Hajiya ta yanka rago, ta tara mata ana guɗa. Badi'a tana jin labari a bakin tasha, ta ci gaba da juya ƙosanta. Ba ta daɗe da komawa gida ba sai ga Mahfuz ya faɗo babu sallama, yana jan hannun uwarsa, mayafinta yana jan ƙasa. Yana ganin Alkasum a kan tabarma ya zube gabansa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Yaya, don mi ba ka hwaɗa masu ba? Don mi ka bari anka yi maka haka?"

"Tashi, Mahfuz. Abin da ya wuce ya wuce."

"Bai wuce ba! Inna, ki ji da kunnenki. Motata ta ta mutu, cike da mai, daidai wata kwana. Ni nis san tana zahi tun sahe, niƙ ƙi hwaɗi don kak a cire ni ga aiki. Motoci sunka yi ta wuce ni kamar ba su san ni ba. Shi kaɗai ya tsaya. Rabin ayari na baya tahe da gudu, in sun shawo kwanar nan sun dake ni, dut wuta za mu kama. Nig ga wani ɗan itace guda, abin da ba a cika gani can ba, taku goma daga kwalta, nib buɗe ƙohwa za ni karyo ganye in jera, yadda muka yi gida. Sai ya ture ni ciki ya ce, 'Zamna, Inna ta ba ni amanarka.' Shi ya tahi. Ya karyo, shina dawowa..." Ya nuna dungulmin ƙafar Alkasum. "Ƙarar nakiyar da ya taka ce ta tsai da na baya. Da munka ɗauke shi, Inna, ganyen na cikin hannu nai. Ƙahwata ta ya kamata ta taka wurin nan. Kuma da kamhwani sunka tambaye shi, bai ambaci sunana ba, don kak a kore ni hannu wohi."

Badi'a ta dubi mijinta, ta tuna ranar Tsarnawa da jarkar ruwa, hawaye suka zubo mata.

"Da na hwaɗi," in ji Alkasum a hankali, "da Inna ba ta koma barci ba har shi dawo. Kuma ba a yi ma suruka gori."

Hajiya Saude ta dubi ƙafafun ɗanta, biyu cif, cikin sababbin takalma. Ta dubi wandon da aka ɗaure a saman gwiwa. Matar da ba a taɓa ganin ta rusuna wa kowa ba ta durƙusa a ƙasa gaban surukinta.

"Na ce ka maido mani shi da ƙahwahu nai," ta ce da ƙyar. "Ban san da taka za ka biya ba. Ka yahe mani, ɗana. Badi'a, ɗiyata, ki yahe mani, na janye abin da nic ce."

Badi'a ta faɗa jikinta suka yi ta kuka.

Abin da Mahfuz ya dawo da shi bai kai yadda Rabo ya zuzuta ba. Ya isa a yi wa Alkasum ƙafar roba, aka kuma tayar da ɗaki ɗaya na ƙasa a filin da Hajiya ta ba su. Direbobin tasha da suka ji labari suka ba shi kujerar rubuta lodi a rumfarsu. Bai sake riƙe sitiyari ba har yau, kuma in babbar mota ta danna oda a kan kwalta yakan ɗaga kai ya bi ta da kallo har ta ɓace. Badi'a ta samu ɗakinta da mijinta da albarkar uwarta, wannan shi ne ladan haƙurinta.

Iyaye, ku ji tsoron Allah a kan gorin da kuke yi wa surukai, don gori yana tura mutum inda bindiga ba ta tura shi ba. Matasa kuma, duk albashin da aka ce sai ka sa hannu cewa ba za ka tsaya wa ɗan'uwanka ba, ka san ranka aka yi wa kuɗi.

Da rani ya zagayo Rabo ya sake zuwa tasha neman direbobi. Kafin ya gama buɗe jakarsa, sai ga Hajiya Saude ta sauko daga kabu-kabu. Ba ta yi masifa ba wannan karon. Ta je rumfar lodi ta ɗauko tsofaffin sandunan Alkasum, ta ajiye su a kan teburin Rabo gaban samarin da suka yi layi.

"Wanda dut za shi rubuta suna nai," ta ce, "shi hwara gwada waɗanga, shi ga ko sun yi mashi daidai."