Wayar da Ta Ɓace Ranar Zaman Kwamiti

Mai shara ce ta fara ganin akwatin gilashin wayam. Kwaɗo na nan a kulle, amma naɗin wayar wutar da ke ciki ya yi ɓatan dabo.

Ragowar wayar da aka sa a gidan wani kafinta ce, gidan da ya kama da wuta, matarsa da 'ya'yansa biyu suka rasu. Kamfanin da sunansa ke jiki ya ce jabu ce. Ƙungiyar masu masana'antu ta aro ta daga kotu, ta baje a zaurenta, don 'yan majalisa su gani da ido su tsaurara dokar kayan jabu. Jiya kwamitin majalisar ya ce in ya zo yau zai tafi da ita ɗakin gwaji.

Sufeto, 'yar sandan da aka ba binciken, ta tarar da Shugaban ƙungiyar, wanda shi ne mai kamfanin wayar, yana ta faɗa.

"Ranki ya daɗe, ba sai kin wahala ba. Dogo ne, mai shagon da ya sayar da ita. An ba da belinsa, ya zo ya ɓatar da shaida."

"Wa ke da makullin akwatin?"

"Ni kaɗai."

Ta fara da maigadi. Tsoho ne, idonsa a ƙasa.

"Baba, wa ya shigo bayan an tashi?"

"'Yata, ni ƙofa nake gadi, ba fuskoki ba."

"Baƙo ya shigo?"

"Baƙo kam, a'a."

Ta caje ɗakinsa da na mai shara, ba komai, ta sallame su.

Dogo na zaune bakin shagonsa da aka garƙame, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa.

"Ni in sace ta? Hajiya, gwajin nan nake jira kamar ruwa. Motar kamfanin ce ke sauke min kaya, direban har surukina yake ce min, wai zai auri kakata. Da aka yi gobara, kowa ya manta hanyar shagona."

Maƙwabta sun shaida tun jiya da rana yana asibiti wurin matarsa, sai da safen nan ya dawo. Ta cire shi daga zargi.

Daga nan ta wuce gidan da ya ƙone. Kafinta na kwashe toka shi kaɗai. Ta roƙe shi, ya fasa bangon bayi inda wuta ba ta kai ba, ya zaro mata guntun waya. Ta biya shagon kamfanin, ta sayi sabon naɗi. A mota ta fere su da reza, ta jera su a kan cinyarta, ta daɗe tana kallo.

Shugaba na gyara jawabinsa ta shiga ofis ta rufe ƙofa.

"Alhaji, dubi sunan kamfaninka a jikin wannan ta gidan kafinta. Harafin ƙarshe ya gutsure. Dubi sabuwar da na saya a shagonku yanzu, shi ma a gutsure, wuri ɗaya. Mai jabu tambari yake kwaikwaya, ba ya aron injinka mai karyayyen haƙori. Jan ƙarfen ciki kuma duk biyun siriri ne, bai kai rabin abin da kuka rubuta ba."

Ya ajiye biro.

"Ba a fasa kwaɗo ba, makulli na hannunka. Maigadi ya ce baƙo bai shigo ba, kai kuwa ba baƙo ba ne. Wayar ta daɗe a nan ba wanda ya taɓa ta, sai da aka ambaci gwaji. Dogo gwajin zai wanke. Kai zai tona."

Ya yi murmushi.

"Ƙanwata, jabun fa akwai shi da gaske. Su suka karya farashi har muka rage ƙarfe. In na rufe, iyalan ma'aikatana ke za ki ciyar?"

"Iyalin kafinta fa?"

"Kai rahotonki."

Ta kai. Maigidanta a wurin aiki ya karanta, ya jefa guntayen wayar a aljihun tebur.

"Ke kika sa aka fasa bangon, ba shaida, ba izini. Lauyansa zai ce daga gida kika zo da ita. Ki huta, an mayar da ke sashen hanya."

Kwamiti ya zauna ba waya. Shugaba ya ce satar kanta hujja ce cewa masu jabu sun fi ƙarfin tsohuwar doka, aka tafa masa. Doka ta wuce. Dogo ya tafi gidan yari. Aka bi kasuwa shago-shago ana kwashe waya, mai kyau da marar kyau, sai wadda ke da shaidar ƙungiyar aka bari.

Wata rana tana ba da hannu a mararraba, kafinta ya tsaya da babur, naɗin waya ɗaure a baya.

"Ranki ya daɗe, na tayar da ɗaki ɗaya, ƙanwata da yaranta za su dawo wurina. Wannan karon ta ainihi na saya, daga kamfanin."

"Malam, don Allah kada ka sa ta."

Ya dube ta, ya juya ya dubi wayar.

"Na zaga kasuwa kaf, ita kaɗai ta rage. To wacce zan sa?"

Motocin baya suka dame su da oda. Ta ɗaga hannu, ya wuce.