Wace Matsala Ka Gyara, Sada?

A shagon gyaran kwamfuta da ke kusa da tashar Daura Sada ya fara ganinta. Caja ta shigo saya, shi kuwa yana kusurwa yana ta kaɗa ƙafa yana tsaki. Gyara ya aika cikin kernel, wato zuciyar Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, masu dubawa suka dawo masa da shi, wai bayaninsa bai fito ba.

Ta leƙa allon ta bayansa. "Malam, ka rubuta ka gyara matsala. Wace matsala? Mai karantawa bai san abin da ke ranka ba."

Ya juyo zai yi faɗa, da ya ga fuskarta sai ya ɓige da tambayar sunanta.

Sunanta Adawiyya. Kwamfuta ta karanta a Katsina, ita ma tana duba wa masu kernel rubutu. Tun ranar Sada ya rasa sukuni, kullum ido na kan waya.

"Gimbiyata, duba mini wannan, ki tausaya."

"Aikinka lafiya lau, Yayana. Amma sharhinka maimaita abin da layin manhajar ke yi kawai yake. Faɗi dalili. Ka ci abinci kuwa?"

Wata rana ta yi masa gyara a zauren imel na masu kernel, inda kowa ke gani. Sada ya ɗauka ta tozarta shi, ya daina ɗaga wayarta. Zama ya gagare shi, ya fita ya dawo, ya rubuta saƙo ya goge.

A gida kuma mahaifinta, Alhaji Kalilu dillalin shanu, hankalinsa ya fi kwanciya da Mahdi, wani mai neman aurenta da ke da shago a Kongolam. Game da aikin Sada cewa yake, "Wace irin sana'a ce ba rumfa, ba garke?"

Sai ga saƙonta: "Ban yi don in kunyata ka ba, a can ake yi wa kowa gyara. Baba ya ce ka zo ka yi masa bayanin aikinka. In fushin ya fi ni a wurinka, shi ke nan."

Ko takalmi bai sa daidai ba ya hau babur.

A zauren gidansu ya durƙusa gaban Alhaji. "Baba, wayoyi da na'urori suna da abin da ke tafiyar da su. In ya samu ciwo, ni ke gano inda yake, in gyara, in rubuta dalili. Wani kamfani ya ɗauke ni a kan haka, daga ɗakina nake yi."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Likitan dabbobi ke nan, amma na ƙarfe. To, turo magabatanka."

A soron ciki ya tarar da Adawiyya, idonta ya yi ja.

"Ki yafe mini, Gimbiya."

"Na yafe. Kada ka ƙara yi mini shiru."

Bayan girbi aka ɗaura aure, dangi har daga Sandamu. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kanta.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa albarka."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.