Ja da Kore a Taswira ta Tara

Hannunsa na fara lura da shi.

Lalube yake a kan teburin, ta gefen dama, inda linzamin kwamfuta ya saba zama. Babu linzami a wurin, kwamfutar ma babu. Manyan takardu ne guda biyu shimfiɗe a gabanmu, taswirorin da suka kai zagayen ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, kai muke jira," in ji sakatariyar gasar, da wani murmushi da bai kai ciki ba. "Nuna mana unguwannin da taswira ta tara ta ce ambaliya za ta ci."



Mu uku ne alƙalan gasar zana taswira a kwamfuta ta bana. Farfesa ce shugabarmu, dattijuwa mai ƙarancin magana da yawan kallo ta saman tabarau. Ni nake duba inganci: ko titi yana inda aka ce yana, ko gadar da aka zana tana nan da gaske. Shi kuma fasali yake dubawa, wato launi da rubutu da sauƙin karantawa. Abokan aiki suna ce masa Gwani. Ni kuwa wata bakwai ke nan da ya fara zuwa gidanmu, kuma Farfesa ta san da maganar tun kafin ta zaɓe mu.

Taswira ta tara ta haɗu, ba ƙarya. Ja inda ruwa yake ci, kore inda babu haɗari, ko wanda bai taɓa riƙe taswira ba zai gane. Amma Gwani ya tsaya yana kallonta, zufa ta tsattsafo masa a goshi duk da sanyin ɗakin. Can ya ɗora yatsa a tsakiyar wani yanki kore shar, ya buɗe baki.

Nan take na gane.

Ban san lokacin da na janyo takardar gabana ba. Na ce akwai wata gada da ban yarda da ita ba, na shiga zuba bayanin da ni kaina ban san kansa ba, har Farfesa ta gaji ta ɗage hukunci zuwa gobe da safe.

A kan matakala na tare shi. Ban ɗaga murya ba, don ni in raina ya ɓaci sosai muryata ƙasa take yi.

"Ba ka ganin ja da kore, ko?"

Ya jingina da bango. Ya ce haka aka haife shi, launukan biyu a idonsa duk kalar busasshiyar laka ne. A kwamfuta ba shi da matsala, da ya ɗora linzami a kan launi lambarsa za ta fito, shi kuma ya haddace lambobin tun yana ɗalibi. Shekara tara yana aiki haka. Kayan sawarsa ma ƙanwarsa ce take haɗa masa. Ya ce wa zai ba mutum irinsa aikin taswira in ya sani?

"Ba zancen ofis na tambaye ka ba. Ni fa?"

"Tsoro nake kar in rasa ki, masoyiya..."

"Ranar da na turo maka hoton mayafi biyu, ka ce jan ya fi yi min kyau."

Ya sunkuyar da kai. "Linzami na ɗora a kai."

Wallahi saura kaɗan in yi dariya, sai hawaye suka riga ta fitowa. Ba idonsa ne ya ƙona min rai ba. Abin da ya ƙona min rai, wata bakwai ina zaune da mutum ina buɗe masa cikina, shi yana auna kowace amsa kafin ya ba ni. Na sauka na bar shi a tsaye.

A bakin ƙofa na ci karo da Sakatariya tana gyara jaka. Shekara biyu ta yi tana zama a tebur ɗaya da shi a tsohon ofishinsu, kowa ya san ta so shi bai kula ta ba, ashe ba kallon soyayya kaɗai ta yi masa ba. Ita ce ta sa aka buga taswirorin a takarda, wai hasken kwamfuta yana damun idon Farfesa. Ta ce in gode mata, ta taimake ni ne tun kafin in afka. Na ce Allah ya biya ta daidai da niyyarta, na wuce.

Ba ta tsaya nan ba. Kafin in isa gida labarin ya riga ni, don matar Yayana ƙawarta ce.

Yaya dama tun farko bai so Gwani ba, ya ce mutumin ya cika santsi, ba ya taɓa kuskure a magana. Yau kuwa ya samu abin da yake nema. Yana zagaye falo yana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, wanda ya ɓoye wannan Allah kaɗai ya san me kuma ya ɓoye. Mama tana ta tambayar ko abin yana bin jini. Baba, wanda ya shekara arba'in yana ɗinki, yana zaune yana warware wani ƙullin zare. Sai da kowa ya gaji ya ɗago.

"Ido ba laifinsa ba ne," ya ce. "Baki kuwa nasa ne. A dakata da maganar tukuna."

Ina son Gwani, ban taɓa sanin yawan son ba sai da na ji kalmar dakatawa. Duk da haka ban ɗaga kiransa ba. Saƙo ɗaya na tura masa: gobe ba zan sake janye takarda ba.

Da safe muka koma ɗakin. Takardun suna nan yadda muka bar su, Sakatariya ta shirya biro da littafi kamar mai jiran kallo. Farfesa ba ta gama zama ba Gwani ya miƙe.

Ya faɗa musu komai, bai rage ba, har da yatsan da ya ɗora jiya da dalilin da ya sa na kawo zancen gada.  Sannan ya nuna taswira ta tara.

"Wannan a wurina launi ɗaya ce daga sama har ƙasa. In ruwa ya taso, uba mai ido irin nawa zai iya kwasar 'ya'yansa ya nufi inda ruwan yake."

Ya matsa ga ɗayar, taswira ta huɗu, wadda ni da Farfesa muka ɗan raina saboda ba ta da ado. Mai ita ya sa ratsi-ratsi a kan unguwannin haɗari, ɗigo-ɗigo a kan tudun da za a fake. Gwani ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko ɗaya ba. Ya ce a shirye yake a soke makinsa duka.

Farfesa ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Ta ce dole ta kai maganar gaban kwamiti, kuma kada ya sa ran kujerar alƙali badi. Amma ta ce mu biyu masu lafiyar ido mun yi kwana uku muna kallon taswira ta tara ba mu ga aibinta ba, taswirar ambaliya kuwa ba don ado ake yin ta ba. Muka sake lissafin maki ba tare da nasa ba, ta huɗu ta zo ta ɗaya. Sakatariya ta rubuta sakamakon ba ta kalli kowa ba.

Da la'asar ya ce zai je wurin Baba. Na ce ba ni na aike shi ba, amma na bi shi.

Shagon Baba ɗan ƙarami ne, keke biyu da benci ɗaya. Yaya yana zaune a bencin ya harɗe hannu. Gwani ya durƙusa ya gaishe su, ya fara shirya maganar da ya zo da ita, Baba bai ko ɗago daga kan keke ba.

"Miƙo min koren zaren nan."

Guda biyu ne a kan kanta, gefe da gefe, ja da kore. Babu kwamfuta, babu ƙanwarsa. Ina tsaye a bayan Baba, da ya kalle ni da ido kaɗai zan iya nuna masa, kuma ban san ko zan iya hana kaina ba. Ko kirdado ya yi ya ɗauka, wataƙila ya dace.

Bai kalle ni ba.

"Baba, ban san wanne ne koren ba. A idona duk ɗaya ne."

Baba ya miƙa hannu ya ɗauko zaren da kansa. Ya zura a allura, ya taka keke har ya kai ƙarshen ɗinkin, ya yanke.  Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Tashi ka zauna a benci, ɗana," ya ce. "In ka koma gida, ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa."