Buhun da Ya Zaga Gari

A wani gari, wani saurayi ya dawo gida bayan shekara bakwai yana yawon duniya. Ya tarar an sare tsamiyar ƙofar gidansu, rijiyar unguwa ta ƙafe, masallaci kuwa ya sha sabon fenti, har an kafa ƙungiyar taimakon gajiyayyu. Yunwa ce kaɗai ya samu inda ya bar ta.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Gambo, ya ce masa, "Samari, zo ka sami lada. Ɗauko buhun shinkafar nan."

Suka shiga gidan farko. Aka dire wa tsohuwa buhu, aka ce ta yi murmushi, aka ɗauki hoto, aka ɗauke buhu. Gida na biyu ma aka dire, aka yi murmushi, aka ɗauke.

A gida na uku, Gwaggo Tasalla mai riƙon marayu huɗu ta dafa buhun ta ce, "Ɗana, a bar mini shi mana. Rabon yaran nan da abinci tun jiya. Bara ma murmushin na yi."

Alhaji ya ce, "Ɗauko mu tafi! Masu aiko da taimako daga ƙasashen waje hoto arba'in suke jira."

Saurayi ya zaro wuƙa ya farke bakin buhun don ya cika mata ƙwarya. Sai ga yashi yana zuba.

Alhaji ya riƙe kai ya ce, "Kai, ɗan nan! Shekara uku buhun nan yana aikin Allah, ka kashe shi rana ɗaya!"

Saurayi ya juye wa Gwaggo garin rogo da ƙuli-ƙulin da ke jakarsa. Ya kaɗe jakar, ya rataya, ya tambayi yaushe motar safe take tashi.